Sunayen dangin Yahudawa: amsa ga ɗan'uwa mai tambaya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce an turo maka saƙo a WhatsApp wai duk sunan da ya ƙare da berg ko stein ko man na Bayahude ne, kana son sanin ko gaskiya ne. Ka kuma ce ka ga wani ɗan Isra'ila a talabijin sunansa Haddad, abin ya ɗaure maka kai, tunda ka san sunan Larabawa ne. Na yi karatun tarihi a Maroko, kuma tun daga can nake bibiyar wannan batu, don haka bari in faɗi abin da na sani. Sai ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Wancan saƙo ba daidai ba ne. Berg dutse ne da Jamusanci, stein ma dutse ne, mann kuma mutum. Jamusawa Kiristoci da 'yan Suwidin masu irin waɗannan sunaye ba su ƙirguwa. Alfred Rosenberg, wanda aka rataye bayan shari'ar Nuremberg a 1946, yana cikin manyan masu tsara aƙidar ƙin Yahudawa a jam'iyyar Hitler, amma ga sunansa nan. Su kansu 'yan Nazi sun san suna ba ya wadatarwa, shi ya sa a 1938 suka yi doka cewa Bayahuden da sunan yankansa bai nuna asalinsa ba dole ya ƙara Israel, mace kuma ta ƙara Sara. Abin da sunan dangi yake faɗa maka shi ne ƙasar da kakanni suka zauna, harshen da suka yi ciniki da shi, da kuma gwamnatin da ta shigar da su rajista.

Asali Yahudawa ba su da sunan dangi mai wucewa daga kaka zuwa jika. Wane ɗan wane ake cewa: ben ga namiji, bat ga mace, kamar bin da bint na Larabci. Babban malaminsu haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya yi aikin likita a Masar ya rasu a 1204, Moshe ben Maimon yake a wurinsu, Larabawa kuma suna ce masa Musa bin Maimun. Har yau a majami'a, da takardar aure, da kan dutsen kabari, da wannan tsohon tsari ake ambaton mutum.

Abu biyu ne kawai suka zama gado tun da can, Kohen da Lewi. Kohen su ne waɗanda ake jingina wa zuriyar Annabi Haruna (AS), masu hidimar ibada a Haikalin Ƙudus. Lawiyawa kuma sauran ƙabilar Lewi ne, wadda Annabi Haruna ya fito daga cikinta, masu taimaka musu. Ta wajen uba ake gadon matsayin, kuma da lokacin rajista ya zo sai da yawa suka mai da shi sunan gida. Daga nan aka sami Cohen da Kohn da Kahn da Kahane. A Rasha ya koma Kagan ko Kogan, domin Rashanci ba shi da harafin h, da g suke rubuta shi. Katz kuwa taƙaitawa ce ta Kohen Tzedek, wato limami adali. A ɓangaren Lawiyawa akwai Levi da Levy da Levin da Halevi da Segal. Waɗannan ne kaɗai za ka gani a kusan kowace al'umma tasu, daga Yaman har Foland. Ko su ma sai an yi hattara, don akwai Kiristocin Ingila da Amurka masu sunan yanka Levi.

Waɗanda suka riga kowa ɗaukar sunan dangi su ne Yahudawan Andalus da Magrib, tun wajen ƙarni na 10 da na 11, saboda sun zauna cikin Larabawa masu al'adar nasaba da laƙabi. Ibn Ezra, Ibn Gabirol, Abulafia wanda asalinsa Abul Afiya ne, Alfasi wato mutumin Fas ta Maroko. Bayan korar da Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella suka yi musu daga Sifaniya a 1492, sai suka bazu zuwa Maroko da Daular Usmaniyya da Italiya, suna ɗauke da sunayen garuruwan da suka baro: Toledano daga Toledo, Cordovero daga Ƙurɗuba, Soriano daga Soria. A Fotugal kuwa tilasta musu shiga Kiristanci aka yi a 1497, suka karɓi sunayen Kiristocin ƙasar irin su Pereira da Mendes da Henriques. Wasu daga jikokinsu sun gudu Amsterdam suka koma addininsu, amma ba su yar da sunan ba. Wannan ya jawo wani kuskuren da ake yawan yi a intanet, a ce duk mai suna Pereira a Burazil jinin Yahudawa ne. Yawancinsu Kiristoci ne kaka da kakanni.

A Magrib ne amsar Haddad ɗinka take, kuma can ne na gani da idona. A Fas akwai unguwar Yahudawa da ake kira Mellah, wadda aka kafa a 1438, jikin fadar sarki. A gefenta akwai maƙabartarsu. Kaburburan farare ne fat an shafe su da farar ƙasa, bayansu a lanƙwashe, sun jeru gangaren tudu har ido ya gaji. Wasu suna da ɗan rami a jiki inda ake kunna kyandir, bakin ramin ya yi baƙi da hayaƙi. Sababbin cikinsu da Ibrananci da Faransanci aka yi rubutun, don haka ina iya karantawa. Na riƙa bi layi-layi ina rubuta sunaye a littafina, sai na lura a fili ɗaya harsuna huɗu ne suke kwance. Ga Toledano na Sifaniyanci. Ga Serfaty, wanda da Ibrananci yake nufin Bafaranshe. Ga Danan, dangin da tsohuwar majami'ar unguwar take ɗauke da sunansu. Ga kuma na Larabci tsantsa, waɗanda duk wanda ya yi makarantar allo ya ɗan taɓa littattafai zai gane su.

Sunayen sana'a ne yawancinsu. Haddad maƙeri, Sabbagh marini, Khayat tela, Najjar kafinta, Attar ko Benattar mai turare, Assayag maƙerin zinariya da azurfa. Wannan na ƙarshe ba abin mamaki ba ne, don a garuruwan Maroko da yawa ƙirar farfaru a hannun Yahudawa take. Bayahude maƙeri da Musulmi maƙeri da Kirista maƙeri duk Haddad kasuwa take kiransu, shi ya sa za ka sami sunan a Tunusiya wajen Yahudawa, a Labanan wajen Kiristoci, a Aljeriya wajen Musulmi. Sai kuma harshe na huɗu, na Berber, mutanen duwatsun Atlas, waɗanda O ko Wa a farkon suna yake nufin ɗan wane a harshensu: Ohana, Ohayon, Waknin.

Akwai suna guda da ya fi tsaya mini a rai, Touati. Ma'anarsa mutumin Tuwat, dausayin nan na kudancin Aljeriya da ayarin raƙuma suke bi zuwa Tumbutu da Agadas da Kano. Yahudawa sun daɗe a garin Tamantit na Tuwat, suna cinikin zinariya. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammad bin Abdulkarim al-Maghili ya tashi a kansu, aka rushe majami'arsu, al'ummar ta watse. Shi ne dai Maghilin da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa nasiha kan mulki. Mu a nan ɓangaren zuwansa Kano muka fi sani. Zuriyar waɗanda suka bar Tuwat kuwa suna nan a Faransa da Isra'ila da sunan dausayin a takardunsu. Musulmin Aljeriya da Tunusiya ma suna amsa Touati, don su ma kakanninsu daga can suka fito.

Labarin Yahudawan Jamus da Gabashin Turai, waɗanda ake kira Ashkenazi, daban ne, kuma su ne masu berg da stein. Kaɗan daga cikinsu sun daɗe da sunan gida, musamman zuriyar malamai da mazauna manyan birane irin su Prague da Frankfurt. A Frankfurt titi guda aka killace su, kuma gidajen ba su da lamba, alama ake ratayewa a ƙofa. Gidan da yake da jar garkuwa shi ne Rothschild, mai jirgin ruwa Schiff, mai gaggafa Adler. Wasu kuma garin asali ne ya bi su: Shapiro daga Speyer, Horowitz daga Horovice ta ƙasar Cek, Halpern daga Heilbronn, Oppenheimer daga Oppenheim. Amma talakawan ƙauyukan Foland da Yukren, waɗanda su ne mafi yawa, wane ɗan wane suke har ƙarshen ƙarni na 18.

Doka ce ta canja wannan. Sarkin Ostiriya Joseph na Biyu ya ba da umarni a 1787 cewa kowane Bayahude a daularsa ya ɗauki tabbataccen sunan dangi na Jamusanci. Rasha ta biyo baya a 1804, ta sake jaddadawa a 1835 saboda mutane sun yi biris. Napoleon ya yi tasa a Faransa a 1808, masarautar Prussia ta ƙasar Jamus a 1812. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: haraji, ƙidaya, da ɗibar soja. Gwamnati ba ta iya bin mutum idan a gari ɗaya akwai Moshe ɗan Yakubu goma. Mu ma mun san irin wannan, lokacin da makarantun boko suka riƙa liƙa wa yara sunan garinsu a rajista, har aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur, sunan ya zauna daram.

To mutumin da aka tsayar gaban magatakarda aka ce sai ya faɗi suna, me zai ce? Wani ya ba da sunan ubansa, ya zama Mendelssohn ko Abramovich. Wani ya ba da sana'arsa. Ka duba tela kaɗai: Schneider a Jamusanci, Portnoy a Rashanci, Kravitz daga harshen Foland da Yukren, ga kuma Khayat can a Bagadaza. Akwai sana'o'in addini, irin su Melamed malamin yara, Schechter mahaucin da yake yanka bisa ƙa'ida, Sofer marubucin Attaura, Kantor mai jan waƙar ibada. Akwai sunayen dabbobi masu tushe a addu'ar da Annabi Yakubu (AS) ya yi wa 'ya'yansa kamar yadda take a Attaura, inda aka kamanta Yahuza da zaki, Naftali da barewa, Biliyaminu da kyarkeci. Daga nan Loeb da Hirsch da Wolf suka fito. Abin da ya fi burge ni shi ne sunayen uwa. A yankunan Belarus da Lituwaniya sau da yawa mace ce take riƙe da shago yayin da miji yake wajen karatu, gari kuma ita ya sani. Sai ga Rivkin daga Rifkatu, Sorkin daga Saratu, Dvorkin daga Debora.

Waɗanda ba su da abin kamawa sai aka haɗa musu kalmomi biyu masu daɗin ji: Rosenthal kwarin wardi, Goldberg dutsen zinariya, Blumenfeld filin furanni. Babu wani dutsen zinariya da kakan Goldberg ya mallaka, ƙila ma ɗan koli ne mai yawo da kaya a ka. Na jaddada wannan ne saboda na sha jin ana kafa hujja da gold da silber, wato zinariya da azurfa a cikin suna, wai alamar dukiya ce tun asali. Ana kuma yawan ba da labarin cewa ma'aikata sun riƙa sayar da kyawawan sunaye, wanda bai biya ba a ba shi na wulaƙanci. An sami munanan sunaye a Galicia, yankin da yau yake cikin Foland da Yukren, amma masu binciken tsofaffin rajistoci, irin su Alexander Beider, sun nuna an zuzuta labarin ƙwarai.

Sauran al'ummomin kowacce ta bi ƙasarta. A Iran sai zamanin Reza Shah aka wajabta sunan dangi ga kowa, aka sami Kashani da Shirazi. Turkiyya ta yi tata dokar a 1934. Bene Israel na yammacin Indiya suna ƙara kar a sunan ƙauye kamar maƙwabtansu, Penkar mutumin Pen. Na Jojiya sunansu da shvili yake ƙarewa, na Bukhara da ov bayan zuwan Rashawa, na Yaman Sharabi daga yankin Shar'ab. Na Habasha sunan uba suke bi kamar sauran Habashawa. Ƙaramar al'ummar Kaifeng ta ƙasar Sin kuwa Li da Zhao da Ai suke amsawa.

Ƙarni na 20 ya sake dagula lissafin. A Amurka da yawa sun gajarta ko sun sauya suna da kansu don neman aiki da guje wa tsangwama. Mawaƙi Bob Dylan, Robert Zimmerman aka raɗa masa. A Falasɗinu kuma, kafin kafa Isra'ila a 1948 da bayanta, an yi yayin yar da sunayen Turai a ɗauki na Ibrananci. David Gruen ya zama Ben-Gurion, Golda Meyerson ta zama Meir, Shimon Perski ya zama Peres, gidan Mileikowsky suka zama Netanyahu, gidan Scheinermann suka zama Sharon. Don haka idan ka ji sunan ɗan siyasar Isra'ila da Ibrananci tsantsa, sau da yawa sunan bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba, tsohon yana can a rajistar wani gari a Foland ko Belarus.

Idan akwai wani suna takamaimai da kake son a duba, Malam, turo shi tare da ƙasar da ka ga mai shi ya fito, da zamanin da ya rayu in ka sani. Da waɗannan biyun ake fara bincike. Allah ya ƙara mana sani.