Hukuncin Tauna Goron Indiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ƙanena ya dawo daga karatu a Indiya da ɗabi'ar tauna wani abu da suke kira supari. Ya ce goronsu ne, kuma yana gyara ciki bayan cin abinci. Mene ne hukuncinsa? Daga wani ɗan'uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abin da ƙanenka yake taunawa ƙwallon wata bishiya ce dangin dabino, ana yayyanka shi a naɗe a cikin ganye da 'yar farar ƙasa, sau da yawa har da garin taba, kuma mutane kusan miliyan 600 ne ke cinsa, galibi a Indiya da Pakistan da Bangaladesh da maƙwabtansu.

Asalin kowane abin ci shi ne halacci, sai idan nassi ko tabbatacciyar cutarwa ta fitar da shi. Supari ba ya gusar da hankali, don haka ba giya ba ne, ba najasa ba ne, kuma a kan haka malamai da yawa na can suka halatta shi. To amma hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, Allah kuwa ya umurce mu a Suratun Nahli, aya ta 43, da mu tambayi ma'abota sani. A shekarar 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙwallo a sahun farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji, ko da ba a haɗa shi da taba ba. Tun kafin a kai nan, yana sandarar da naman cikin kumatu sannu a hankali, har mutum ya kasa buɗe baki ya sa loma, ɗan yaji kaɗan ya riƙa ƙona shi kamar wuta. Wannan kaɗai ya isa ya tayar wa iyali hankali.

Batun gyaran ciki kuwa, gaskiya ne sinadarin arekolin da ke cikinsa yana tsinkar da yawu, yana motsa hanji, shi ya sa mai ci yake jin sakayau. Sai dai a hanjin ɗan Adam akwai ɗimbin ƙananan halittu na bakteriya masu taimakawa wajen narkar da abinci da kare bangon hanji, kuma gwaji a kan ɓeraye ya nuna sinadarin yana jirkita daidaitonsu. An kuma sami alaƙa tsakanin yawan cinsa da ciwon suga. Ban gina hukunci a kan gwajin ɓeraye ba, na kawo shi ne don kada a riƙe gyaran ciki hujja.

Kiyasinsa da goronmu kiyasi ne tare da bambanci, domin irin wannan cutarwa ba ta tabbata a kan goro ba. Saboda haka abin da nake rinjayarwa shi ne haramcin mayar da shi ɗabi'a, da sayar da shi, bisa hadisin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, "Babu cuta, babu cutarwa", da aya ta 195 a Suratul Baƙara mai hana jefa kai cikin halaka. Wanda aka haɗa da taba ya fi muni. Idan mai azumi ya tauna ya haɗiye yawunsa, azumin ya karye.

Ka bi ƙanenka da lallashi, domin barinsa yana da wuya ga wanda ya saba, kuma ka raka shi wurin likitan haƙori a duba bakinsa, musamman idan akwai farin tabo ko gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba. Wallahu a'alam.