Amsar Anti a gurup kan maganar cire wa yaro fulawa

Assalamu alaikum jama'ar gurup, barkanmu da yamma. Ƙanwata wannan amsarki ce, ki yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo don ba zan iya zama in taifa duk wannan ba. Na ji saƙonki, kin ce yaron shekara biyu da rabi, kuka da birgima, cizo, jifa da kaya, dare ba ya barci, kuma kin ga bidiyon wata Baturiya a TikTok da ta ce ta cire wa ɗanta gulutin, wato ta hana shi duk abin da aka yi da fulawa, sati biyu kawai ya nutsu, to shi ne kike tambaya ko ke ma ki cire masa. Na ga har wasu sun fara turo miki sunayen masu sayar da biskit ɗin waje. Dan Allah ku dakata tukunna.

Ni abin da ya tsaya min a rai ba maganar fulawar ba ce, a ƙarshen saƙon ne kika faɗi wani abu da sauri-sauri kamar ba kya so a ji, kika ce har yanzu bai fara magana ba kuma in an kira sunansa ba ya waigowa. Wannan ita ce tambayarki ta gaskiya, ni uwa ce na sani, tsoro kike ji ko akwai wani abu, shi ya sa kike neman abin da za ki iya yi da hannunki a kicin. Zan zo kan wannan. Amma bari in fara sallamar maganar gulutin ɗin tunda ita aka cika gurup da ita.

Shi gulutin ba guba ba ne, ba kuma wani kemikal ba ne da kamfani ke zubawa kamar yadda na ga wata ta rubuta. Furotin ne da Allah ya halitta a cikin alkama da sha'ir, da wani hatsi na Turawa da ba mu da shi a nan, shi ne wannan danƙon da kike gani in kin kwaɓa fulawar fanke tana jawuwa. To duk abin da aka yi da alkama yana da shi, burodi, gurasa, taliya, makaroni, Indomie, Semovita, kuskus, cincin, biskit, alkaki, funkaso, har ɗanwake in an sa masa fulawa, kuma yanzu yawanci ana sawa. Amma gero babu, dawa babu, masara, shinkafa, acca, wake, doya, rogo, dankali duk babu. Wato tuwon dawa da kunun gyaɗa na shinkafa da koko da ƙosai da alala da fura, abincin da aka raine mu da shi, duk ba su da gulutin tun fil azal.

Akwai cuta ta gaske a nan, kada wata ta ce Anti ta ce ƙarya ne. Ana kiranta siliyak, jikin yaro ne yake yaƙar hanjinsa da kansa duk lokacin da ya ci alkama, hanjin ya lalace ya kasa tsotse abinci. A duniya kusan mutum ɗaya cikin ɗari yana da ita. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Dicke sunansa, shi ya lura lokacin yunwar yaƙin duniya na biyu, 1944 zuwa 1945, da burodi ya yi wuya yaran da ke wannan ciwo suka samu sauƙi, da burodi ya dawo suka koma gidan jiya. Kuma ba ciwon Turawa kaɗai ba ne, yaran Sahrawi da ke sansanin gudun hijira a Aljeriya an gwada su an samu sama da biyar cikin ɗari suna da ita, ya ma fi na Turai. Yaro mai siliyak haka ne, yana da ƙiwa da yawan kuka, amma ba kukan kaɗai za ki gani ba, za ki ga gudawa da ba ta ƙarewa ko kashi mai wari mai maiƙo, ciki ya kumbura, ɗuwawu da cinyoyi sun zube, ba ya ƙara nauyi a sikeli, jini ya yi ƙasa. Ke kuma hoton da kika saka ranar sunan nan yaro ɓulɓul masha Allah. To ban ce babu ba, ba a ganewa a hoto, amma in kina zargin ita ce gwajin jini ake yi, kuma ki ji wannan da kyau, dole ne yana cin alkamar lokacin da za a ɗebi jinin. In kika cire masa wata biyu sannan kika je, gwajin zai iya nuna lafiya lau alhali akwai ciwon, sai an sake mayar da shi kan burodi na makonni kafin a maimaita. Kin ga kin wahalar da yaro sau biyu kenan.

Maganar halin yaro kuma, ko yara masu galahanga, wato autism, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, don na san can ne bidiyoyin nan suke dosa, an gwada fa. A jami'ar Rochester a Amurka an ɗauki yara 14 masu galahanga aka cire musu alkama da madara gaba ɗaya, sannan aka riƙa ba su ɗan abin taɓawa, wani da gulutin a ciki wani babu, iyaye ba su san wanne ne ba, masu duba yaran ma ba su sani ba. Ba a ga bambanci a hali ko barci ba. Yara 14 ba yawa, na yarda, amma sauran binciken da aka yi ma ba su kawo hujjar da za ta sa likitocin yara su ce kowa ya cire ba. Za ki ce to ita Baturiyar ƙarya take yi? A'a ba lallai ba. Akwai wani gwaji na 1994, shi kan sukari ne, aka tara iyaye mata da suka ce sukari yana haukata 'ya'yansu, aka ce wa wasunsu an ba yaran sukari da yawa alhali ko ɗigo ba a ba su ba, wallahi su waɗannan iyayen suka ce ai ga shi nan ya fara rashin ji, har suka fi bin yaran da tsawa. Idon uwa yana ganin abin da zuciyarta ke jira. Sannan wadda ta cire fulawa ai ba fulawa kaɗai ta cire ba, biskit ya tafi, kek ya tafi, lemon kwalba ya tafi, ta fara dafa abinci a kan lokaci, ta zauna tana kallon ɗanta tana lura da shi. Yaro ya gyaru, sai a ce gulutin ne.

Kuma abin da ke ƙona min rai kenan da masu sayar da kayan nan. Akwai 'yar maƙwabciyata, yarinya mai hankali wallahi, ɗanta haka yake kamar naki, ba magana, sai ihu da buga kai a bango. Wata mai saida kaya a Instagram ta kama ta, yau garin kaza na waje, gobe biskit mara gulutin, jibi wani ruwa wai na wanke hanji, kuɗin da ta zuba Allah kaɗai ya sani, har ɗan kunnenta na gwal ta sayar mijin bai sani ba. Ita mai saida kayan nan fa da can atamfa da turaren wuta take sayarwa, shekaran jiya-jiyan nan ta koma likitar yara, in ka yi mata tambaya ta ce ai an gwada an gani, waye ya gwada, a ina? Ta yi bulokin ɗinka. Ni da na yi magana aka ce Anti 'yar boko ce ba ta yarda da komai ba sai allura. Yaron nan ya rame, ana biki yara na cin cincin shi ana fizge masa yana kuka, kakarsa tana ba shi burodi a ɓoye ana rigima a gida, surukai har suka daina gaisawa. Da ƙyar aka kai shi asibiti, ashe ruwa ne ya taru masa a bayan dodon kunne, ba ya ji sosai. Yaron da ba ya jin abin da ake faɗa kuma ba shi da bakin da zai ce ga abin da nake so, me zai yi in ba ihu ba? Kuma har yau matar tana nan tana talla, ranar nan ma na ga ta saka wani sabon garin wai na buɗe baki... kai bari in bar maganarta raina yana ɓaci.

Ina ma nake, yauwa, maganar kiran suna. Ƙanwata yaro ɗan shekara biyu ana so a ji yana haɗa kalma biyu, ba ni ruwa, Baba tafi, irin haka, yana nuna abu da yatsa don ke ma ki gani, in an kira shi ya waigo. In babu waɗannan a shekara biyu da rabi ba a zama a ce ai babansa ma bai yi magana da wuri ba. Ki kai shi wurin likitan yara, tunda kina Kano ki je asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin yara na Hasiya Bayero, ki ce kina so a duba ci gabansa kuma a tura ku gwajin ji. Wataƙila kunne ne, wataƙila jinkirin magana ne kawai, wataƙila galahanga ce, kuma ko ita ce ba ƙarshen duniya ba ne, amma duk cikinsu da wuri aka fi cin riba, watannin nan da za ki ɓata kina gwajin abinci su ne masu tsada.

Ki ce a duba jininsa ma. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 68 cikin ɗari na yaranmu 'yan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, kuma yaron da sinadarin ƙarfe na jininsa, wato ayon, ya yi ƙasa yana da saurin fushi da rashin barci mai kyau. Shayin nan da muke ɗura musu safe da dare da burodi, shi ganyen shayin yana hana jiki tsotsar ƙarfen daga abinci, ga shi yana hana barci, in za ki cire wani abu a tiren nan ni shayin zan ce ki fara cirewa, ki ba shi madara ko kunu. Maganin tsutsar ciki yaushe rabonsa da shi? Akwai ƙananan tsutsotsi masu sa ƙaiƙayin dubura da dare, yaro ya kwana yana juyi ya tashi da rigima. Barci kuma, ɗan shekara biyu awa 11 zuwa 14 yake buƙata har da na rana, ba wai ya kai sha ɗayan dare ana kallon fim da shi a falo ba. Kallon waya ma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada ya wuce awa ɗaya a rana a shekarunsa, ke kika san nawa yake yi, ban ce ki faɗa a gurup ba.

To in duk an yi wannan kuma har yanzu zuciyarki tana kan fulawar, ban hana ki rage Indomie da biskit ba, dama sun yi yawa a gidajenmu, ki koma tuwo da miyar kuka, faten acca, wake, ƙwai, kifi, hanta, zogale. Ba kya buƙatar kwalin kowa daga waje. A'a tsaya, ragewa na ce fa, ba cirewa kwatakwata ba, cirewar ki bari sai kin faɗa wa likita kuma an ɗebi jinin tukunna. Kuma in za a gwada, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta me ya ci, ƙarfe nawa ya kwanta, yaushe ya yi rigimar, me ya faru kafin ta, shi ma likitan zai ji daɗin ganin wannan.

Ki min magana ta firabet anjima ki gaya min, yana nuna miki abu da yatsa? In kin buga murfin tukunya a bayansa yana juyowa? Kunnensa ya taɓa yin ruwa ko mugunya? Kuma ki nemo katin rigakafinsa mu ga nauyinsa na baya, da shi za ki tafi asibitin. Ku kuma masu turo lambobin masu biskit dan girman Allah ku goge su, admin ki duba.