Ga Malamar da ke son komawa digiri na biyu a fasahar koyarwa

Assalamu alaikum Malama. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai yau da na samu natsuwa, don ba amsar layi biyu ba ce. Kin ce shekara 14 kina koyarwa a sakandare, kina son komawa digiri na biyu a fannin fasahar koyarwa, amma kina tsoron yaran da suka gama jami'a jiya-jiya za su bar ki a baya wajen kwamfuta, kuma ba ki da tabbacin karatun zai biya wahalarsa. Ni ma da irin wannan fargabar na shiga, bayan shekara 16 ina koyar da ilimin halittu, ga 'ya'ya huɗu a gida.

Ki fara cire wannan tsoro na kwamfuta daga ranki, don ba makarantar koyon kwamfuta za ki ba. Karatun a kan tsara koyarwa yake: su wane ne ɗalibanki, me ya hana su ganewa, me kike so su iya a ƙarshen darasi, da wane kayan aiki za ki kai su can, sannan ta yaya za ki gane sun kai. Wannan shi ne tsarin nan mai matakai biyar da ake kira ADDIE, wanda za ki ji sunansa tun makon farko. Kayan aikin kuwa yana iya zama majigi ko waya, yana iya zama rediyo, yana iya zama kwali da alƙalamin maka. Masu bincike Mishra da Koehler, a aikinsu na 2006, sun ce malamin da zai yi koyarwa da fasaha yana bukatar sani uku a haɗe: sanin darasinsa, sanin yadda ake koyarwa, da sanin na'ura. Kamar duwatsun murhu ne. Ke kin shigo da biyu a hannunki, kuma su ne masu wuyar samu. Na ukun kina iya kama abin da kike bukata a cikinsa cikin zango ɗaya idan kin dage.

A zangonmu na farko aka ce kowa ya shirya darasin minti 10 ya gabatar da majigi. Wani matashi a ajinmu, yaro mai ladabi da basira, ya kawo darasi a kan zuciya da hotuna masu motsi, har jini na gudana a jikin allo. Muka yi ta tafi. Malaminmu ya tambaye shi, a ina ɗalibai suka fi ruɗewa a wannan darasi? Ya yi shiru, don bai taɓa tsayawa gaban aji ba sai lokacin gwajin koyarwa. Ni kuwa na sani: yara suna haddace cewa jijiyoyin da ke fita daga zuciya jini mai iska suke ɗauka, sai wadda ke zuwa huhu ta karya musu dokar, kuma a nan suke faɗuwa kowace shekara. Daga ranar muka haɗa kai da shi. Ya koya min yanka bidiyo, ni kuma ina gaya masa inda ya kamata bidiyon ya tsaya a yi wa yara tambaya. A ranar ne kuma aka gyara min nawa: na cika allo da rubutu ina karanta shi kalma-kalma, aka nuna min binciken Richard Mayer da ya gano cewa idan ana nuna hoto ana bayani da baki, jibga rubutun bayanin a kan allon yana raba hankalin mai koyo. Har yau da wannan gyara nake aiki.

Inda za ki sha wuya da gaske shi ne hanyoyin bincike da ƙididdiga. Shekara da shekaru ba ki karanta maƙalar bincike ba, sai ga shi an miƙo miki mai shafi 25 cike da alƙaluma an ce ki yi sharhi. Ki fara tun yanzu, kafin ma a sayar da fom. Maƙala ɗaya a mako ta isa. Ki nemi wanda zai zauna da ke a kan SPSS, manhajar ƙididdigar alƙaluman bincike, ki iya da hannunki. Za ki ga masu cewa ki kawo kuɗi a yi miki babi na huɗu na kundinki, wato na nazarin alƙaluma. Kar ki yarda, don ranar kare kundi ke kaɗai za ki tsaya, kuma tambaya ɗaya ke tona wanda bai taɓa alƙalumansa ba.

Batun takardu, galibi ana neman digiri a fannin ilimi, ko wani digirin haɗe da PGDE (difilomar koyarwa ta bayan digiri), da shaidar bautar ƙasa ko ta ɗauke miki ita, da cikakken sakamakon digirinki na farko wanda tsohuwar jami'arki za ta aika. Wannan na ƙarshen ki fara nemansa da wuri. Jami'ar Ilorin da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna suna da sashe sukutum na fasahar ilimi, a ABU Zariya ma ana yin fannin, NOUN, wato Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, kuma tana yinsa daga nesa ga wanda ba zai iya barin wurin aiki ba. Tallafin karatu na asusun TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, bai zuwa kanmu malaman sakandare, don haka ki yi lissafin aljihunki. Kuma don Allah kar ki taka ƙafa sai takardar izinin karo ilimi tana hannunki a rubuce, ko da albashi ko babu. Alƙawarin baki daga shugaban makaranta ba ya bin ki idan an sauya shi. Ki kuma ƙara wa lissafinki shekara guda. Mu yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya same mu, daga Fabrairu har Oktoba, karatun da na ce wa maigida na shekara biyu ne ya kai uku da 'yan watanni.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne zaɓen take. Za ki ga taken bincike iri ɗaya jere a ɗakin karatu: tasirin kaza a kan ƙoƙarin ɗalibai a kaza. Mutum ya ari majigi da janareto na mako shida, ya tattara maki, ya mayar da kayan, aji ya koma yadda yake. Ke kina da abin da ya fi wannan, wato ajinki. Lokacin da aka rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona, mun ga abin da ya kai ga yaranmu: darussan rediyo ne, ba manhajojin da ke cin data ba. Daga nan na samo nawa taken. Na riƙa ɗaukar bayanin darasi na minti uku da muryata, Turanci haɗe da Hausa, ana tura wa iyaye a waya, wanda ba shi da data a zuba masa a memori. Ɗalibaina 'yan mata ne su 80 da ɗoriya, kusan babu mai wayar kanta. Wata ta ce min, "Malama, sai Baba ya dawo kasuwa bayan isha'i, kuma wani lokacin babu caji." Wannan magana ta sa na sauya tsarin gaba ɗaya, na koma tura saƙon ranar Alhamis don su samu Juma'a zuwa Lahadi. Babu littafin da zai gaya miki wannan, kuma shi ne abin da masu jarrabawa suka fi tsayawa a kai ranar da na kare kundina.

Ko zai biya wahalarsa? Idan ƙarin girma kawai kike nema, ki fara zuwa ma'aikatarku ki tambayi yadda suke lissafa digiri na biyu, don ba kowace jiha ce ke ɗaga mataki saboda shi ba. Idan kina hangen koyarwa a kwalejin ilimi, to kina bukatarsa. Ni dai ina nan a ajina, abin da ya sauya shi ne yadda nake shirya darasi, kuma yanzu ni ake kira idan za a horar da malamai ko shirya yara don jarrabawar JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, alhali wasu yaranmu ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

Ki zauna da maigida da manyan yaranki ku yi maganar girki da kai yara makaranta tun kafin a fara, ni karatuna duk tsakanin asuba da ƙarfe shida na yi shi. Sannan ki ɗauki ƙaramin littafi, wannan zangon ki riƙa rubuta duk inda ɗalibanki suka cije. Idan kin tara uku ko huɗu ki turo min mu duba tare, mu ga wanne zai zama take. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka.