Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin hawan tsauni a Darjilin

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana karatu a Indiya, kana son shiga kwas ɗin koyon hawan tsauni idan an ba ku hutu, ba ka taɓa taka ƙanƙara ba, kuma kana tambaya ko jim da kake zuwa kullum ya isa shiri. Ni ma ina ɗalibi a can na yi wannan kwas, a HMI, makarantar koyar da hawan tsaunukan Himalaya da ke Darjilin, don haka abin da zan faɗa maka jikina ne ya gaya mini.

Jim kaɗai bai isa ba. Kwas ɗin kwana 28 ne, kuma abin da ya fi kayar da mutane a cikinsa shi ne tafiya da kaya a baya, yau da gobe da jibi, a wurin da iska ba ta cika ƙirji. Makon farko a Darjilin ake yin sa, garin da ke sama da mita 2,000. Da sanyin asuba a fita gudu, a dawo a zauna darasi, a koyi ƙulle-ƙullen igiya, a je Dutsen Tenzing a koyi hawa da sauka. Tenzing Norgay ɗin nan da ya hau Everest tare da Edmund Hillary a 1953, shi ne shugaban horo na farko da aka buɗe makarantar a 1954. Za a raba ku rukuni-rukuni, kowane rukuni da malaminsa, kuma sunan da ake kiran rukunin da shi ma igiya ne. Ba ka gane hikimar sunan sai ranar da aka ɗaure ku a igiya guda a kan ƙanƙara.

Daga nan mota ta kai ku Yuksom a jihar Sikkim, inda kwalta ta ƙare. Ranar farko kusan kilomita 16 ce zuwa Choka, cikin daji, a haye gadojin da ke lilo a kan rafi, sannan hawa ya miƙe har wajen mita 3,000. Sai Zongri, kimanin mita 4,000. Sai sansanin makarantar a Caurikan, wajen mita 4,450, kusa da daskararriyar ƙanƙarar Ratong. Dabbobi ne ke ɗaukar abincin sansani, amma jakarka kai za ka goya, kuma tawa ta haura kilo 15. Ka tuna Chappal Waddi, wuri mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Tun a ranar farko za ka wuce shi.

Kuskurena shi ne gudu kawai na yi ta yi kafin in tafi. Numfashi ya samu, amma kafaɗa da gwiwa ba su san kaya ba, kafin mu isa Choka igiyar jaka ta ci mini kafaɗa har na kasa ɗaga hannu. Da zan sake, wata uku zan ware. Ka samu jakar goyo mai ɗamara, ka zuba robobin ruwa, ka fara da kilo 8, kana ƙarawa sannu a hankali har ka kai 15. Ka riƙa hawa benen hostel ɗinku kana sauka, kuma kada ka raina saukar, ita ce ke kashe gwiwa. Sau ɗaya a mako ka yi doguwar tafiya ta awa huɗu ko biyar da kayan, a cikin takalmin da za ka tafi da shi. Sabon takalmi a wannan hanya sai ya saɓule maka dunduniya. Gudun ma kada ka bari, kilomita 5 ba tsayawa ta zame maka abin yau da kullum.

Akwai magana biyu da abokanka 'yan Indiya ba za su tuna su gaya maka ba, domin ba ta shafe su kamar yadda ta shafe mu ba.

Ta farko jini. Ka san rukunin jininka na sikila? A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, yana zaune lafiya, bai taɓa jin komai ba. Amma a saman tsauni, inda iskar da kake shaƙa ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta bakin teku ba, mai AS na iya samun matsalar saifa, ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki. Takardar lafiya da likita zai cika maka kada ka ɗauke ta kamar sa hannu kawai. Ka yi gwajin, ka gaya wa likitan tsayin da za ka kai, ka bi shawararsa ko da ba ta yi maka daɗi ba. Don Allah kada ka yi wasa da wannan.

Ta biyu izini. Sikkim yanki ne da baƙo ba ya shiga sai da takarda, kuma a lokacin da na je, mai fasfo ɗin Najeriya sai ya nemi tasa ta ma'aikatar cikin gida a Delhi, ba a ba shi a bakin iyaka kamar sauran baƙi. Ka rubuta wa makarantar tun yanzu, ka faɗi ƙasarka, ka ji yadda ƙa'idar take kafin ka biya ko sisi. Akwai makarantar hawan tsauni ta NIM a Uttarkashi da wata makarantar a Manali, su ma suna wannan kwas.

Kaya masu tsada makaranta ce ke ba da aro: jakar barci, rigar sanyi mai kauri, takalmin ƙanƙara, ƙarfen ƙaya da ake ɗaura masa, gatarin ƙanƙara, ɗamarar igiya da hular kwano. Naka shi ne safa masu yawa, safar hannu, kayan ciki masu riƙe ɗumi, tocilan ta goshi, da tabarau mai kyau. Hasken rana a kan ƙanƙara yana ƙona ido, kuma baƙar fata ma tana saɓulewa, nawa hancin shaida ne.

A Zongri kaina ya fara sarawa, abinci ya fita raina. Na ji nauyin faɗa, don kada a ce baƙon nan ya gaza, amma na daure na gaya wa malaminmu. Ya sa aka duba ni, ya ce in yi ta shan ruwa, in ci ko ba na so, in rage sauri. Washegari na ware. Wani a rukuninmu, wanda ya fi mu duka ƙarfi, ya ɓoye nasa yana ta haɗiyar maganin ciwon kai, har tari ya kama shi a sansani, yana haki ko a zaune. Dole aka sauko da shi, kwas ɗinsa ya ƙare a nan. Har yau abin na taɓa ni, domin da ya yi magana da wuri wataƙila da tare muka gama. Ciwon tsauni ba ruwansa da ƙwanji. Kuma kada ka sayi Diamox, maganin da ake sha don ciwon tsauni, ka riƙa sha da kanka ba da sanin likita ba.

Kwanakin Ratong su ne daɗin abin. A nan za ka koyi soka gatari ka tsayar da kanka idan ka zame, da hawa bangon ƙanƙara da tsinin ƙarfen ƙafa, da fito da wanda ya faɗa tsagar ƙanƙara. Da asuba kuma fararen kawunan tsaunuka su yi ja kafin rana ta sauko gare ku. Ban taɓa yin tasbihi da zuciya ɗaya kamar a wurin ba.

Salla ba ta gagare ni ba. Na yi kasaru, na haɗa Azahar da La'asar a ranakun tafiya, na riƙa ajiye ruwan ɗumi kaɗan a gora don alwala, ranar da sanyi ya fi ƙarfina na yi taimama. Ka tambayi malami hukuncin kafin ka tafi don hankalinka ya kwanta. Abinci shinkafa ne da miyar dal (wani irin wake) da capati (gurasar Indiya) da ƙwai, in ka ce ba ka cin nama ba wanda zai yi mamaki. Sai dai kada ka zaɓi zangon da ya faɗa cikin azumi, domin shan ruwa da rana wani ɓangare ne na lafiyarka a can.

A ƙarshe ana ba da sakamako, kuma sai mai A ake karɓa a kwas na gaba. Malamai na lura da yadda kake da 'yan rukuninka, ba jarrabawa kaɗai ba. Gurbi yana cika da wuri, saboda haka ka tura takardunka watanni kafin lokaci. Ka faɗa mini garin da kake da watan da kake so, in tsara maka jadawalin makonni goma sha biyu na hawan bene.