Muryar da aka tura guruf kan canza boris ɗin gaba na Golf 3

Salamu alaikum jama'a. Alhaji, na saurari tambayarka: Golf 3 ɗinka tana gurnani a gaba, wuuu, ƙarar na ƙaruwa in ka taka wuta, kuma bakanike ya ce zai buge boris ɗin, wato zobban ƙarfen nan masu ƙwallaye da taya ke juyawa a kansu, da guduma ya sa sabo. To don Allah dakata masa tukuna.

Da farko a tabbatar boris ne, don tayar da ta ci gefe ma tana irin wannan kukan. Ka samu titi marar cunkoso, kana tafiya ka ɗan karkata sitiyari hagu, ka dawo dama. In ƙarar ta ƙaru da ka karkata hagu, yawanci na dama ne, don nauyin motar can ya koma. Sannan a ɗaga ta, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. A juya tayar kuma, hannu ɗaya na kan sifirin ɗin shakazoba. Mataccen boris za ka ji gurzarsa a tafin hannunka.

Wajen saye, na mota mai noti huɗu a taya girmansa milimita 40 a ciki, 72 a waje, kauri 37. Ka sayi sabo na kwali irin su SKF ko FAG, wanda ya zo da kilif biyu masu tare boris a raminsa da sabon noti. Boris ba abin sayen na hannu ba ne, Alhaji, ba ka ganin cikinsa.

Babban notin shaf, wato sandar da ke juya taya, mai lamba 30, tun mota na ƙasa ake sassauta shi, wani ya taka birki. Sai a ɗaga, a tokare da ƙarfe ko katako mai ƙwari, kar a bar ta a kan jak kaɗai. A cire kalifa, wato abin da ke matse birki a kan diski, a rataye shi da waya, kar ya yi lilo a jikin tiyon birki. Diski ya fita, tayarod, boljoyin. Notin nan biyu na ƙasan shakazoba a yi musu alama kafin a kwance, su ke riƙe da tsayuwar taya. A tura shaf baya a hankali, ba a dukan bakin zarensa.

Yanzu ga inda ake kashe sabon boris tun bai yi aiki ba. A ɗauki gidan boris ɗin gaba ɗaya a kai wurin masu injin matsi. In an turo hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, zoben ciki ɗaya yakan maƙale a jikinsa, a zare shi ko a tsaga shi da giranda ba tare da an ji wa hob ciwo ba. Ka duba hob ɗin da idonka. In ya ci, ko ya yi shuɗi saboda zafi, canza shi, in ba haka ba sabon ma zai yi rawa. A cire kilif, a matso tsohon, a goge ramin tas, a ɗan shafa giris.

Wajen shigar da sabo, zoben waje kaɗai ake dannawa, tsohon zoben ma ya isa a ɗora a kai. Wajen shigar da hob kuwa, zoben ciki ake tokarewa ta baya. Me ya sa? In ƙarfin ya bi ta kan ƙwallayen, sai su lotsa hanyar da suke bi, lotsawar da ido ba ya gani. Guduma haka take yi. Mota ta fita shiru, ba da daɗewa ba kukan ya dawo, a ce kayan ne jabu.

Kada a sauke motar a tura ta shaf bai shiga an ɗaure ba, ko taku biyu ne, don notin nan shi ke haɗe zobban ciki. A sa sabon noti, a kammala ɗaurinsa mota na ƙasa, da sifana mai awo, ƙarfin ɗauri 265 Nm. Ba a sa bututu a hau kai da ƙafa. Notin taya kuwa 110 Nm. In taka mai ABS ce, a lallaɓa wayar sensa wajen kwancewa. Daga nan kai tsaye wurin alaimen, don an taɓa shakazoba da tayarod.