Amsa ga mai shagon da yaransa ba sa zama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena mai tambaya, Allah Ya sa wa kasuwa albarka. Ga waɗanda ba su ga tambayar ba: ya buɗe shagon kayan masarufi haɗe da POS a Zariya, samarin da yake ɗauka ba sa wuce wata uku zuwa huɗu sai su gudu. Wani ya ce masa ya koma ɗaukar 'yan mata don sun fi riƙon amana, wani kuma ya ce kada ya soma, da yarinya ta iya aiki miji zai fito. Shi ne yake tambaya wanne zai ɗauka.

Ni ba kayan masarufi nake sayarwa ba. Wajen ɗinki nake da shi a Kano, muna yin yunifom na makarantu da ɗinkin Sallah, kuma na daɗe ina aiki da samari da 'yan mata da matan aure a wuri ɗaya. A ganina masu ba ka shawarar su biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Idan samari huɗu sun zo sun tafi a kan kujera ɗaya, kujerar za ka fara dubawa. Ka sa mace a kanta yadda take, ita ma za ta tafi, sai dai ita ba za ta yi maka rashin kunya ba, za ta ce babanta ne ya hana.

Tambaya ta farko da ba ka amsa ba a rubutunka: nawa kake biya, kuma ranar nawa ga wata? Ba ina nufin ka faɗa mana a nan ba. Ina nufin shi yaron ya sani? Yawancin masu shago a wajenmu da "ka zo mu fara, ba za mu ɓata ba" suke ɗaukar yaro. Yaron yana jin nauyi, ga shi ƙila wani babba ne ya kawo shi, ba zai iya tambaya ba. A ransa ya yanka wa kansa dubu arba'in, kai a ranka ka yanka masa ashirin da biyar da abincin rana. Ƙarshen wata kowa ya ga an zalunce shi. Daga ranar ya fara neman wani wuri, watanni biyun da suka biyo baya jikinsa ne kawai a shagon.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce cikin wata uku da fara aiki a bai wa ma'aikaci takarda mai ɗauke da irin aikinsa da albashinsa da lokutan aiki da yadda za a rabu. Ta ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata ɗaya, wanda ya yi awa shida ko fiye yana aiki a ba shi hutun awa ɗaya a tsakani, kuma a kowane mako ya samu yini guda na hutu. Na san za a ce wa yake bin wannan a Sabon Gari ko Tudun Wada. Gaskiya ne, ba mai zuwa ya duba ka. Amma ni ba don tsoron hukuma nake rubuta wa ma'aikatana takardar ba. Rabin shafi ne da Hausa, in karanta wa yaro a gaban wanda ya tsaya masa, kowa ya sa hannu. Rigimar da wannan 'yar takarda ta kashe mini ba ta ƙirguwa. Mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai hau kanka ba, domin dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Amma ka sani yaranka sun ji labarinsa, da shi suke auna abin da kake ba su.

Sai kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama shi ne mai korar ma'aikata a ɓoye. Akwai wata yarinya mai yi mana kalmasa da sa maɓalli, hannunta da tsabta, ba ta magana. Sai ta fara makara, daga baya ta fara fashin Litinin. Da na zaunar da ita na ce ta lissafa mini abin da take kashewa daga unguwarsu zuwa shago, adaidaita sahu biyu zuwa, biyu komawa, sai ga shi kusan rabin abin da take samu a titi yake ƙarewa. Makarar kuwa, tafiyar ƙafa take yi rabin hanya. Tun daga nan na raba kuɗin mota da albashi, kullum da yamma ake bayarwa a hannu, kuma idan zan ɗauki sabon ma'aikaci unguwarsu nake fara tambaya kafin takardar makaranta. Kai ma ka duba, yaran da suka gudun nan daga ina suke zuwa? Wanda yake tasowa daga Samaru zuwa cikin birni ba daidai yake da ɗan layinku ba.

Batun amana kuma, tunda POS ne. Ban yarda Allah Ya raba amana tsakanin maza da mata ba. Na ga yarinyar da ta yi shekara tana rage yadin mutane, na ga saurayin da ya tsinci kuɗi a aljihun rigar da aka kawo gyara ya bi mai ita har gida. Abin da na lura shi ne kuɗin da ba a ƙirga shi kullum yana lalata na kirki ma. Ka rufe lissafi kowace yamma, kai da yaron, kuɗin hannu da na cikin na'ura da littafi su hau. Idan an samu giɓi ku neme shi a daren, kada ka tara shi a ciki sai ƙarshen wata ka zaftare rabin albashi. Doka ma ta ce duk abin da za a cire wa ma'aikaci a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa. Kuma ka rabe tsakanin sata da kuskure. Yaron da aka damfara da alat na bogi ba ɓarawo ba ne, koya masa duba shigar kuɗi a na'ura ba a yi ba.

Yanzu ga maganar aure, wadda ita ce ta sa na ɗauki waya na fara rubutun nan.

E, 'yan mata suna aure. Amma cewa aure yana raba Bahaushiya da neman kuɗi, wannan duk wanda ya tashi a cikin gidan Hausawa ya san ba haka ba ne. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta yadda matan kulle suke gudanar da cinikin hatsi da abinci daga cikin ɗakunansu, kasuwa guda wadda baƙo ba ya gani. A shekarun 1970 wata kuma, Enid Schildkrout, ta yi irin wannan bincike a cikin birnin Kano, ta nuna yadda sana'ar matan aure ta dogara da yaran da suke yi musu talla da aike. Su abin ya ba su mamaki har suka rubuta, mu kuwa da kuɗin ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula aka yi wa iyayenmu kayan ɗaki. Matar aure ba ta daina aiki. Abin da take dainawa shi ne aikin da ya ce lallai ta tsaya daga takwas na safe zuwa tara na dare a bakin titi.

Ba a nan kaɗai ba. Claudia Goldin ta jami'ar Harvard, wadda ta samu kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2023, ta bi tarihin aikin mata a Amurka na kimanin shekara 200. Ta gano cewa a yanzu mafi yawan tazarar albashi tsakanin namiji da mace masu aiki iri ɗaya tana buɗewa ne bayan haihuwar fari, saboda ayyukan da suka fi tsoka su ne masu son mutum a kowane lokaci, dare da rana. Abin da ya fi burge ni a bincikenta misalin masu harhaɗa magani ne. Da aikin ya koma yadda wannan zai tashi wancan ya zauna ba tare da mai saye ya ga bambanci ba, saboda komai yana rubuce a kwamfuta, sai tazarar ta ragu ƙwarai, mata suka cika sana'ar.

Wannan shi ne abin da muke yi a wajenmu, tun kafin in ji sunan matar. Wadda ta yi aure, idan mijin ya yarda ta fito, tana yin rabin yini, ta zo bayan ta sallami gida ta tashi kafin la'asar. Idan bai yarda ba, a yanka kaya a shago, yaro ya kai mata gida a buhu, ta haɗa a kekenta, a biya ta a kan kowace riga. Mafi iya haɗa wuyan riga a cikin ma'aikatana yau ba ta taka shagon ba tun da ta tare. Kuma tun ana maganar sa rana nake neman ganin mijin ko wata babba a gidansu, domin abin da aka yi shawara da namiji a kai kafin biki ya fi wanda ya tarar daga baya sauƙin amincewa. Haihuwa kuwa, doka ta ba mace mako shida kafin ta haihu da mako shida bayan ta haihu, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a yini don shayarwa. Jihar Kaduna da kake ciki ta mayar da na ma'aikatanta wata shida tun 2019. Ƙaramin shago ba zai iya ba da wata shida ba, amma zai iya riƙe wa mai jego gurbinta har ta yi arba'in ta huta.

A naka shagon ba a kai POS gida, na sani. Amma ana raba yini biyu. Mace daga safe zuwa la'asar, namiji daga la'asar zuwa rufewa, a yi lissafin miƙa hannu a tsakani. Iyaye da yawa da za su hana 'yarsu aikin da ake tashi bayan isha'i za su bar ta ta yi wanda take gida kafin magariba. Sai dai kafin ka ɗauki mace ka tambayi kanka abu biyu da maza ba sa tunawa: ina za ta kama ruwa ta yi salla, kuma wa zai tsawatar wa mazauna bencin ƙofar shagonka? 'Yan mata da yawa da ake cewa aure ko iyaye ne suka cire su, wani mai zuwa cire dubu biyu kullum yana neman lamba ne ya kore su, ko shi maigidan kansa. Ba zarginka nake ba, ƙanena, amma idan abokanka suna zaman hira a wajen, ka tashe su tukuna.

Su kuma samarin, ka daina ganin tafiyarsu a matsayin butulci. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sauya yadda take ƙirga marasa aiki a 2023, wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma yanzu mai aiki ne, shi ya sa adadin ya faɗo daga kashi 33 zuwa wajen kashi 4. Amma alƙaluman nata sun nuna sama da kashi 90 na masu aiki a ƙasar nan ba a ofis ko kamfani mai rajista suke ba, kuma mafi yawansu kansu suke yi wa aiki. Saurayin da ke shagonka ya san wannan ko bai karanta ba. Bai zo don ya tsufa a bayan kanta ba, ya zo ya ga yadda ake yi ne ya buɗe nasa, ga lefe yana jiransa. Iyayenmu 'yan kasuwar Kwari da Kurmi sun fahimci haka, shi ya sa yaron shago yake haƙuri shekaru, ya san akwai sallama a gaba, ubangida zai ba shi jari ko ya tsaya masa a ba shi kaya bashi. Mu mun ɗauko albashin bature ba mu cika shi ba, mun kuma yar da sallamar.

Ni abin da nake yi, duk wata ina ajiye wa kowane saurayi wani abu a gefe, a rubuce, yana gani, da sharaɗin idan ya cika shekara biyu zan cika masa ya sayi kekensa. Wasu suna tafiya da keken, wasu su ajiye shi a shagon mu koma raba riba. Kai ma za ka iya cewa wanda ya yi shekara biyu lafiya za ka buɗe masa tebur na POS a wata unguwa, ribar ku raba. Ƙaramin kamasho a kan cinikin yini ma yana sa yaro ya daina danna waya idan mai saye ya tsaya.

Kafin ka ɗauki kowa, ka nemi ɗaya daga cikin yaran da suka tafi, wanda kuka rabu ba faɗa. Kada ka kira shi shago, kuma kada ka tambaye shi da kanka, kunya ba za ta bar shi ya faɗa maka ba. Ka sa wanda ya kawo shi ya tambaye shi me ya sa ya bari. In ka samu amsar ka dawo nan ka faɗa mana, sai mu san ko albashin ne, ko hanyar, ko lissafin. Allah Ya ba da sa'a.