Mussata ta ƙi sabon gida, maigida ya ce a kai ta hayin kogi

Assalamu alaikum Tanti. Ina cikin damuwa a kan mussata. Shekararta huɗu a hannuna, tun tana ƴar mitsitsiya. Yau kwana shida da muka tashi daga unguwar Bukoki muka koma unguwar Lazare a nan Yamai, kuma tun ranar kamar an musanya mini ita. Tana can ƙarƙashin gado, in na kira ta sai ta zuba mini ido kamar ba ta taɓa ganina ba. Ni da nake cire mata ƙayar kifi da hannuna! Kullum da safe nakan jawo ta in zagaya da ita ɗaki-ɗaki don ta saba, jiya har ta karce ni. Da dare kuwa kuka har asuba, maƙwabta sun fara magana. Kuma ba abin da ban yi mata ba. Na saya mata sabon kwano, na zubar da tsohon zanen da take kwana a kai tunda ya yi dauɗa, na wanke gidan tas da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Abinci sai ta sansana, ta ɗan lasa, ta juya. Shekaranjiya ta yi fitsari a kan dardumar maigida, shi ne ya ce in ta sake zai sa ta a buhu a kai ta Harobanda, can hayin kogi. Shekara huɗu fa, Tanti! In ba butulci ba mene ne wannan? Ga maigida na fushi, ga ita ta juya mini baya.

Wata baiwar Allah, Yamai

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ba zan goyi bayan kowa ba, wanda aka ɓata wa darduma dole ya ji haushi. Amma zanen nan da kika ambata a gurguje, shi ne kan maganar.

Mussa da hanci take sanin gida. In kin ga tana goga kumatunta a ƙafar kujera ko bakin ƙofa, warinta take shafawa, wanda mu ba ma ji, kuma shi ke tabbatar mata cewa nan wurinta ne. Abin da kika kira dauɗa, shi kaɗai ne ya rage mata daga Bukoki. Kin jefar da shi, kin canza kwano, kin bi gidan da jabel. Ba butulci ba ne, tsoro ne. Fitsarin nan ma ƙoƙari take ta haɗa warinta da na wanda ta sani.

Daga yau ki daina jawo ta, kuka da karcewar duk daga nan suke ƙaruwa. Ki ware mata ɗaki guda mai iska, ki rufe ƙofa, tagar a sa mata raga. Kada ya zama ɗakin kwano da rana ke duka, zafin Yamai yakan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Ki ajiye kwali a kwance a lungu, ki shimfiɗa zanen da kika kwana da shi ba a wanke ba. Ruwa da abinci a gefe ɗaya, roba mai faɗi da rairayi mai zurfin santimita 5 a can ɗaya gefen, don ba ta son cin abinci kusa da makewayinta. A kwashe ƙazantar kullum. Safe da yamma ki shiga ki zauna a ƙasa minti goma, ki yi mata magana a hankali, kada ki miƙa hannu sai ta zo da kanta. Ranar da ta yarda ki taɓa ta, ki shafi kumatunta da ƙyalle mai laushi, ki goga shi a kusurwoyin bango da ƙafafun kujeru daidai tsayinta. Bayan ta fara ci sosai tana yawo wutsiya a sama, sai a buɗe mata sauran ɗakuna ɗaya bayan ɗaya.

Dardumar a wanke ta da omo da ruwa mai yawa, a shanya a rana, a riƙa naɗe ta bayan salla. Ban da jabel, warinsa jawo mussa yake ta sake fitsari a wurin.

Maganar ci ta fi damuna. Ki gwada kifi ko kaza dafaffe da ɗuminsa, ba gishiri ba albasa. Idan ta kwana biyu ba ta ci komai ba, ki kai ta wurin likitan dabbobi, domin yunwa tana taɓa hantar mussa da sauri. Masu muzuru su lura: in yana ta tsugunawa fitsari ba ya fita, a kai shi a ranar, mafitsara ce ta toshe kuma tana kisa cikin kwanaki kaɗan. Kada kuma kowa ya ba mussa farasitamol, guba ne a gare ta.

Batun buhu kuwa, da duk masu karatu nake. Dabbar da ta tashi a gida ba ta san neman abinci a titi ba, yunwa, karnuka da motoci ne ke jiranta. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda mussar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, yana cikin Buhari da Muslim. Rufewar da na ce ki yi da ci da sha ce da kulawa. Ki zauna da maigida ki roƙe shi haƙurin mako uku.

Kafin mako ukun nan kada ta fita waje. Ranar farko ki buɗe mata da safe kafin ta ci, ki tsaya a tsakar gida, bayan ɗan lokaci ki buga kwano ta dawo. Bukoki da Lazare ba nisa, tana iya neman hanyar tsohon gida. Ki bar wa waɗanda suka shiga gidan lambarki, ki ce in sun gan ta kada su ba ta abinci, su kira ki.